Shirun Hajiya Dije a Tudun Yashi

Na yi shekaru ina kai mutane ɗaukar hoton taurari, na ga abubuwa iri-iri, amma ranar da muka baro mutum a tsakiyar teku ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda ku sababbi ne a wannan aiki, gara ku ji labarin daga bakina, kafin ku tsince shi gutsi-gutsi a wajen waɗanda ba su je ba.

A lokacin ofishinmu ɗaki ɗaya ne tal a saman wani shagon turare a unguwar Whitechapel da ke London. Mai kamfanin shi ne Alhaji Awudu, mutumin zangon Kumasi, wanda bai taɓa riƙe kyamara ba sai ta wayarsa, amma ya san yadda ake cika jirgi da mutane. Ni ne jagoran tafiya, wato daga lokacin da aka taru a filin jirgin sama har a dawo, ran kowa yana wuyana. Fa'iza ce jagora ta biyu. Haifaffiyar London ce, tana jin Hausa sarai, amma kana yi mata da Hausa tana mayar maka da Turanci. Ba ta da wasa wajen aiki ko kaɗan.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Hoton taurari ba ya son haske, shi ya sa muke saka tafiya a ƙarshen wata, lokacin da farin wata ya ɓace, sama ta yi baƙi ƙirin. Mukan je Zanzibar, daga can mu ɗauki jiragen ruwa masu inji zuwa wani tudun yashi da ke cikin teku, nesa da fitilun gari. Tudun ba ya fitowa sai ruwa ya janye. In ruwa ya ciko kuma sai ya shanye shi gaba ɗaya, ka rantse ba a taɓa yin komai a wurin ba. Kuma a daidai waɗannan darare masu duhu ne tekun ya fi cikowa da ƙarfi. A kan tudun ba a kunna farar tocila, domin haske ɗaya ya isa ya ɓata wa kowa hotonsa. Ƙaramar jar tocila kowa ke ratayawa a wuya, ita ma ba a kunna ta sai dole. Wayoyi kuwa a jakar roba ake tara su, a bar su a jirgi.

Tunda ba a ganin fuskar juna, dokar kamfani a lokacin ita ce a haɗa mutane bibbiyu, kowa ya lura da ɗan uwansa. In za a tashi sai jagora ya busa usur, a shiga jirgi, sannan ya ɗaga murya ya ce duk wanda abokin tafiyarsa ba ya nan ya yi magana. In aka yi shiru, an cika ke nan. Mun sha yin tafiya a haka, ba mu taɓa samun matsala ba.

Ana saura 'yan makonni tafiyar da nake ba ku labari, wani likita mai suna Mukhtar ya hawo ofis tare da mahaifiyarsa, Hajiya Dije. Mutumin Katsina ne, ya haura arba'in, yana aiki a wani asibiti a nan London, kowa Likita yake ce masa. Ita kuwa doguwar tsohuwa ce mara yawan magana. Ta ɗosana a bakin kujera tana kallon bango.

"Malam Bashir, na yi booking na mutum biyu, ni da Hajiya," in ji shi. "An yi mata aikin ido a Marylebone, yanar ido ce ta rufe mata su. Yanzu tana gani tar. Ta ce tun da ta zo garin nan ba ta ga tauraro ko ɗaya ba, sai jiragen sama."

Na ce, "Hajiya, ai kin zo wurin da ya dace. Za ki ga taurari har ki gaji."

"Ni ban ce a kai ni ko'ina ba," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Likita ne da rigimarsa."

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Da Fa'iza ta zo haɗa mutane bibbiyu, ko tsayawa tunani ba ta yi ba. "Mum and son, easy," ta ce. Alhaji Awudu ya leƙo daga bayan teburinsa ya ce, "Wannan ba wahala. Uwa ba ya barin yaro nashi." Babu wanda ya ga abin gyarawa a cikinmu.

A filin jirgi aka gano cewa ɗaya daga cikin matafiyan, Alhaji Sambo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya kamu da son kyamara bayan ya yi ritaya, aminin marigayi mijin Hajiya ne tun suna samari. Da suka gaisa ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Daga nan har muka sauka, in yana kusa maganarta ba ta wuce "to" da "madalla".

Ranar fita tudun, bayan sallar isha'i muka tashi da jirage biyu, ni da matuƙinmu Juma a ɗaya, Fa'iza a ɗayan. Sama ta yi kyau irin wanda ko ni da na saba sai da na tsaya kallo. Muka shimfiɗa wa Hajiya darduma kusa da jirage, ta zauna ta ɗaga kai. Can na ji ta ce a hankali, "Ashe suna nan. Ga kaza da 'ya'yanta can." Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Kowa ya kafa kyamararsa a kan ƙafafunta uku, aka yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa. Likita yana son irin hoton nan da taurari ke fitowa kamar zobe-zobe, wanda sai an bar kyamara ta daɗe tana ɗauka, kuma ba ya son kowa ya gitta masa. Sai ya ɗauki kayansa ya yi can ƙarshen tudun. Daga baya na ji ya gaya wa mahaifiyarsa zai ɗan matsa gaba.

Ba mu cinye lokacinmu ba iska ta taso. Juma ya zo ya taɓa kafaɗata ya ce ruwa yana tahowa da wuri, mu tafi yanzu. Na busa usur. Mutane suka tattara kaya a gurguje, kowa ya faɗa jirgin da ya fi kusa da shi, aka cakuɗe. Fa'iza ta kama hannun Hajiya ta saka ta a jirgina kusa da Alhaji Sambo, ta koma nata. Na miƙe na ɗaga murya, da Hausa da Turanci, na ce duk wanda abokin tafiyarsa ba ya nan ya yi magana. Shiru. Na ji Fa'iza ta yi tambayar a nata jirgin, nan ma shiru. Muka tayar da inji.

Mun yi nisa, har fitilun gari sun fara fitowa, sai Hajiya ta yi gyaran murya.

"Malam Bashir, wancan jirgin ya fi wannan cika ne?"

Na ce, "Kusan ɗaya suke, Hajiya. Ko kin matsu ne?"

"A'a."

Na ci gaba da lulluɓe jakunkunan kyamara saboda feshin ruwa. Jim kaɗan ta sake magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na ce, akwai rigar sanyin mutane a hannuna. Ko za a miƙa wa mai ita?"

"Ta wa ce, Hajiya?"

Ba ta amsa ba. Ni a raina na ce rigimar tsofaffi ce, in mun sauka a nemi mai riga. Alhaji Sambo ne ya juyo da sauri har jirgin ya karkata.

"Hajiya, ba rigar Likita ba ce wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Bashir, tsayar da jirgin nan!" Ya daka mini tsawa. "Ɗan fari ne! Ba za ta tambaye shi a gabana ba. Nemo yaron nan!"

Na san al'adar, kowa a nan ya taɓa jin ta: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban abokan ubansa. Amma ni a Kano na tashi, cikin gari, a wurinmu abin ya zama na tsokana, a ce wa uwa ta faɗi sunan ta rufe baki tana dariya. Ban taɓa zaton akwai wadda za ta riƙe shi har cikin teku ba. Na fizgo oba-oba na kira Fa'iza na ce ko Likita yana wurinta.

"No. He's with his mum, isn't he?" Sai kuma na ji ta ce, "Bashir? Bashir, ina yake?"

Na ce ta wuce da mutanenta gari ta sanar da masu ceto, mu za mu koma. Juma ya juya jirgin. Wani daga cikin matafiyan ya tambaya ko Likita ya iya ruwa. Alhaji Sambo ya ce, "Bakatsine? A ina zai koya?"

Da muka isa inda tudun yake, babu tudu. Na kunna babbar farar tocila na haska gabas da yamma, ruwa ne kawai baƙi yana tashi yana faɗuwa. Inda muka shimfiɗa darduma ɗazu, inda mutane suka kafa kyamarori, duk ya tafi. Juma ya ce tudun yana da kwari a tsakiya, nan ruwa yake fara cikawa ya raba shi biyu, in mutum yana can ƙarshe to hanyar dawowa ce take fara yankewa. Ba ya iya gudu da jirgin don kada ya hau yashi, ko ya bi ta kan mutumin da muke nema. Ya kashe inji don mu saurara.

Muka shiga kira. "Likita! Doctor! Likita!" Maza biyar ko shida, kowa iya ƙarfinsa. Iska tana maido mana da muryoyinmu. Mu yi shiru mu kasa kunne, ba komai sai ruwa yana dukan jirgi. Wata mata a bayana ta fara salati tana kuka. Juma ya tura jirgin gaba kaɗan da sanda, muka sake kira. Ba amsa. Na fara tunanin abin da zan gaya wa matarsa da 'ya'yansa a London.

Duk wannan abin Hajiya tana zaune, rigar sanyin tana kan cinyarta. Sai na ga ta dafa kafaɗar Alhaji Sambo, mutumin da ko ido ba ta haɗawa da shi, ta miƙe tsaye a cikin jirgin da ke tangaɗi. Mayafinta ya zame, ba ta bi ta kansa ba.

"Muntari!"

Ban taɓa jin murya irin wannan ba. Siririya ce mai kaifi, irin ta matan ƙauye da ke kiran mutum daga wata gona zuwa wata.

"Muntari! Muntari, kana ina? Muntari!"

Ta yi ta kira ba ta tsaya ba, har muryar ta fara dushewa. Can daga hagunmu, nesa, muka ji wani abu kamar kukan dabba. Na juya tocila. Ga kan mutum da kafaɗu a saman ruwa. Ya cusa ƙafafun kyamarar cikin yashi ya rungume su, ruwa ya kai masa ƙirji, in igiyar ruwa ta zo sai ta rufe masa fuska. Jar tocilarsa ta daɗe da mutuwa. Ni da Juma muka kama shi muka jawo shi ciki, jikinsa sanyi ƙalau, haƙoransa suna haɗuwa.

Na juya ina jiran in ga uwa ta faɗa kan ɗanta. Ta riga ta zauna, ta gyara mayafi, ta kawar da kai tana kallon ruwa. Ta miƙa wa Alhaji Sambo rigar sanyin ta ce, "A ba wancan."

Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin na ji haushin matar nan kamar in yi ihu. Na ce a raina wace irin zuciya ce wannan? Kalma ɗaya tak a bakin tudu da ta wadatar, amma ta zauna ta yi shiru har muka kusa kai gari. Har muka dawo London ban iya yi mata doguwar gaisuwa ba.

Washegarin dawowarmu Alhaji Awudu ya tara mu a ofis. Fa'iza ba ta yi barci ba, idanunta sun kumbura. "She just sat there," take ta maimaitawa. "Her own son." Ta ce ita ta gama da wannan aiki. Alhaji Awudu, wanda kullum bakinsa ba ya rufuwa, ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya ce, "Hajiya bai ƙi yaro nashi ba. Mu ne mun tambaya tambaya da shi ba zai iya amsa ba." A ranar aka soke dokar bibbiyu. Aka ce daga yanzu jagora zai kira sunan kowa, ya ji amsarsa da kunnensa, ya dafa kafaɗarsa, kuma kowa ya koma jirgin da ya zo a ciki. Ita ce dokar da kuka tarar. Fa'iza ta fasa barin aikin, da ƙyar.

Alhaji Sambo ne ya fara sauke mini haushina. Mun haɗu bayan sallar Juma'a a masallacin Regent's Park, na gaya masa abin da ke raina. Ya ce, "Kai yaro ne. Ta ɗauka yana ɗaya jirgin. Tun da aka tayar da inji take karkata tana leƙen jirgin can. Matar da aka tarbiyyantar tun tana ƙarama a kan cewa tambayar ɗan fari rashin kunya ne, ka ce ta miƙe a gabana ta ce ina ɗana? Sau biyu ta gaya maka, da irin bakin da take da shi. Kai ne ba ka ji ba."

Bayan kowace tafiya mukan yi zaman duba hotuna a ofis, kowa ya kawo nasa a haska a bango, a sha shayi. Ban zaci Likita zai zo ba, tunda kyamararsa tana ƙasan teku. Sai ga shi. Ya zauna a baya har aka watse, Fa'iza ta sauka raka mutane, muka rage mu biyu. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba wannan ya kawo ni ba, Malam Bashir. Tambaya ce da ni, kuma don Allah ka gaya mini gaskiya."

Na ce ina ji.

"An ce kun yi ta kira na. Ni ban ji ku ba, wallahi, ƙarar ruwa ta cika mini kunne. Na riga na yi give up, ina ta kalmar shahada. Sai na ji muryar mace tana kiran sunana na gida. Ban gane muryar ba. Na ɗauka kiran tafiya lahira ne ya zo, shi ya sa na amsa." Ya ɗago ya dube ni. "Na tambaye ta a gida, ta ce iska ce na ji, ta tashi ta shiga kitchen. Malam Bashir, ita ce?"

Na ce, "Ita ce, Likita."

"A gaban Alhaji Sambo?"

"Kafaɗarsa ta dafa ta miƙe."

Ya murza hular da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Yaya ta faɗe shi? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na rasa yadda zan yi. Ni ƙato da gemuna, a ofis, a ce in kwaikwayi muryar tsohuwa. Amma na ga fuskarsa, sai na faɗa masa a hankali, yadda ta ja ƙarshen sunan, da yadda ta ce kana ina, da yadda ba ta tsaya ba har muryarta ta dushe. Ya ce in sake. Na sake. Mutumin da ke duba marasa lafiya kullum ba ya ko gezau ya kifa kai a kan teburin Alhaji Awudu ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ni ma na juya ina tattara kofunan shayi da ba su buƙaci tattarawa ba.

Muna haka Fa'iza ta hawo, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce Hajiya tana ƙasa cikin mota tun ɗazu, ta ƙi hawowa, ta aiko ta da saƙo. Da Hausa ta faɗe shi, yadda aka ba ta.

"Ta ce a gaya wa Likita sanyi ya fara sauka, ya sa rigarsa kafin ya fito."

Ya share fuska, ya sa rigar, ya ja zif har wuya, ya sauka.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A wannan aiki za a koya muku karanta sama da karanta ruwa, duk masu sauƙi ne. Mutanenmu ne masu wuyar karatu. Wanda ya fi kowa tsoro a cikin jirgi yana iya zama wanda ya fi kowa shiru, kuma wadda ta fi kowa son mutum tana iya zama wadda ba za ta iya tambayar inda yake ba. In tsohuwa ta ce muku akwai rigar mutane a hannunta, ku tsayar da jirgi.